A koya musu buɗe gwiwa kafin a miƙa musu zarto

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Dan Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu. Na san maganar da zan yi ba irin wadda aka saba gani a nan bace, magana ce ta cikin ɗakin tiyata, amma tunda gwiwar da ake yankawa ta iyayenmu ce da yayyenmu, wata rana ma tamu ce, ina ganin ba laifi mai karatu ya san yadda ake koyar da wanda zai riƙe masa wuƙa.

Ni likitan ƙashi ne, na daɗe ina aikin sauya gwiwa, yanzu kuma rabin lokacina a koyar da ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa yake tafiya. Abin da ya tunzura ni na ɗauki waya nake wannan rubutu shine wani yaro da aka turo min kwanakin baya, yana shekararsa ta ƙarshe, yaro mai kai wallahi, duk abin da na tambaye shi kafin mu shiga aiki ya amsa ba gargada. Digiri nawa ake karkata yankan ƙashin cinya? Yace biyar zuwa bakwai. Na ƙashin ƙwauri fa? Ya faɗa. Muka wanke hannu aka shimfiɗa ƙyallaye, na miƙa masa wuƙa nace Dokta bismillah, buɗe mana. Sai ya tsaya. Ya matso kusa da kunnena dan kar nas su ji, yace Oga ni fa ban taɓa buɗewa da kaina ba, ƙugiyar buɗe nama nake riƙewa, sai an gama buɗewa ake bani zarto in yi yanka ɗaya ko biyu. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, kaina na tuna.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani tukunna, dan da yawa in sun ji ance za a canza gwiwa sai su ɗauka guntule ta ake yi a jefar a ɗaura ta ƙarfe. A'a. Gwiwa mahaɗar ƙashi uku ce, ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba, kuma kowanne fuskarsa lulluɓe take da guringuntsi mai santsi. Amosanin gaɓɓai ne ke cinye wannan guringuntsin har ƙashi ya koma gugar ƙashi. Abin da muke yi shine mu aske waɗannan fuskokin da suka lalace, kaurin abin da ake cirewa bai cika wuce milimita 8 zuwa 10 ba, a sa wa ƙashin cinya hular ƙarfe, a sa wa na ƙwauri faranti, a tsakaninsu a zura wata roba mai tauri, a manne ƙarafan da wani siminti na musamman da ke daskarewa cikin kamar minti goma zuwa sha biyar. Jijiyoyin da ke riƙe gwiwa ta gefe da gefe na mara lafiyan ne, ba a canza su, tsokarsa ce, fatarsa ce. Wato ƙarfen kamfani ne ya ƙera shi, amma duk abin da zai sa ƙarfen nan ya yi aiki naman mutum ne, kuma ta cikin naman nan ake ratsawa kafin a kai ga ƙashi.

Aikin ba yau aka fara shi ba. Tun 1890 wani likita a Jamus mai suna Themistocles Gluck ya gwada sa gwiwar hauren giwa, ƙwayoyin cuta suka ɓata masa aikin. Sai wajen 1970 abin ya fara kama hanya, Frank Gunston ɗan Kanada, wanda ya zauna wurin babban likitan ƙashi John Charnley a Ingila, ya fitar da sakamakon tasa gwiwar a 1971, sannan a 1974 John Insall da abokan aikinsa a New York suka fito da samfurin da kusan duk gwiwoyin yau jikokinsa ne. Yanzu aiki ne mai kyau sosai, wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sa suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Amma akwai wani lissafin da mu likitoci ba mu cika son faɗa ba, an sha samun cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar baya gamsuwa da gwiwar da aka sa masa, ƙarfe na nan daram a hoto amma shi yana cewa ciwo, ko ta ƙi lanƙwasa, ko yana jin kamar ba tasa ba. Ba duka ne laifin hannu ba, na yarda. Amma wani kaso daga ciki a ɗakin tiyata aka shuka shi.

Mu yadda aka koya mana shine ka tsaya ka kalla. Akwai wata tsohuwar magana da ake jinginawa ga tsarin William Halsted, wanda ya kafa horar da likitocin tiyata a asibitin Johns Hopkins a ƙarshen ƙarni na 19, wai ka ga ɗaya, ka yi ɗaya, ka koyar da ɗaya. To a gwiwa wannan magana bata aiki. Mai koyo yana tsaye ne a ɗaya gefen gadon, hannunsa biyu a kan ƙugiyoyin da ke buɗe nama, kafaɗarsa na ciwo, kan oga ya tare masa rabin wurin, abin da yake hangowa ƙashi ne da zarto. Oga kuwa ya yi aikin nan sau ɗaruruwa, buɗewar bata ɗaukarsa minti biyar, hannunsa na yin wasu ƙananan abubuwa da shi kansa ya manta yana yinsu, balle ya faɗa. In ka tambaya yace ai buɗewa ce kawai, mu je ga aikin. Sai yaro ya tashi da tunanin aikin yana farawa ne daga inda zarto ya fara kuka.

Nima haka na ɗauka har ranar da na ji a jikina. Lokacin ina mai koyo na riƙe wa malamina ƙugiya a gwiwa ta fi arba'in, ina ganin na haddace. Ranar nan aka kawo wata dattijuwa mai jiki, gwiwarta ta sandare, ko a kwance an yi mata allurar baya bata wuce digiri 70 in ka lanƙwasa. Muna shirin farawa aka kira shi wani ɗakin, yace fara ina zuwa. Na yanka fata lafiya, na shiga gaɓar lafiya, na kama ƙoƙon gwiwa na kifa shi gefe kamar yadda nake ganin yana yi, nace wa mai taimaka min lanƙwasa. Ta ƙi. Nace ƙara. Ya danna. Sai na ji wata 'yar ƙara kamar ana yaga tsohon zani a hankali, ba wata ƙara mai ƙarfi ba, nas ɗin da ke miƙo kaya wadda ta girme ni a aikin nesa ba kusa ba tace Dokta tsaya, tsaya! Na duba ƙasa. Agarar da ta taso daga ƙoƙon gwiwa ta manne a wani ɗan tudu da ke gaban ƙashin ƙwauri, ita ce ke miƙar da ƙafa, in ta tsinke mutum ba zai iya ɗaga ƙafarsa ba kuma gyaranta na daga cikin mafi wahalar abubuwa a wannan sana'a, to ita ce ta fara ɓantarewa daga ƙashi ta gefen ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku ya ɗaye. Zufa ta keto min har cikin safar hannu.

Malam ya shigo, bai yi faɗa ba, ya miƙar da ƙafar, ya mayar da ƙoƙon mazauninsa, ya kafa ɗan ƙusa a tudun nan dan kar ɓantarewar ta ci gaba, sannan ya koma can sama ya yi wani ɗan yanka a karkace a agarar cinya wanda bai ɗauke shi daƙiƙa goma ba, nan take gwiwar ta saki. Muka gama aiki, ya ɗinke abin da na ɓata, baiwar Allah ta yi makonni da takalmin gwiwa an hana ta lanƙwasawa a daidai lokacin da ya kamata ace masu gashin ƙashi suna ta lanƙwasa ta, kuma har na bar wurin gwiwar bata kai inda muka so ba. Da muka fito yana wanke hannu yace min, kai baka ga inda nake sa babban yatsana ba? Sai a lokacin na gane. Duk sanda zai lanƙwasa gwiwa bayan ya buɗe, babban yatsansa na hagu yana kan tudun nan yana jin yadda agarar ke ɗaurewa, ɗaya hannun kuma yana murɗa ƙafar waje dan tudun ya matsa gefe ta sassauta. Sau arba'in yana yi a gabana. Daga inda nake tsaye bayan hannunsa kawai nake gani, shi kuma bai taɓa faɗa ba dan a wurinsa abin ya zama kamar numfashi. Allah ya saka masa da alheri, ya koya min abubuwa da yawa, amma wannan ɗin da gwiwar wata na biya kuɗin karatunsa.

Shi yasa nake cewa minti goma sha biyar na farko sune ya kamata a fi daɗewa ana koyarwa. Hanyar da aka fi bi, wadda asalinta ke komawa ga wani likitan tiyata Langenbeck na Jamus tun ƙarni na 19 kuma Insall ya yaɗa ta, ita ce a tsaga fata a tsakiya daga saman ƙoƙo zuwa gefen tudun nan, sannan a shiga gaɓa ta gefen ciki na ƙoƙon. A baki layi ɗaya ne. A hannu kuwa kowane taku da tarkonsa. In mutum yana da tsofaffin tabon tiyata a gwiwar, wanne zaka bi? Jinin da ke ciyar da fatar gaban gwiwa yawanci daga gefen ciki yake zuwa, dan haka tabon da ya fi kusa da waje ake zaɓa in zai yiwu, in ka bi na ciki ka bar siririyar fata tsakanin tabo biyu tana iya mutuwa ta yi baƙi, kuma fata in ta mutu a kan ƙarfe an shiga uku. Haka in kana ɗaga fatar, da kaurinta zaka ɗaga, kar ka fere ta. In ka zo yanka agarar cinya da gefen ƙoƙo ka bar ɗan leɓe na nama wanda allura zata kama in an zo rufewa, yara da yawa suna manne wuƙa da ƙashi sai an zo ɗinki su rasa abin kamawa. Sai ɗaye naman gefen ciki na ƙashin ƙwauri, wanda dole wuƙa ta kwanta a jikin ƙashi kamar mai fiɗa, dan jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki tana nan kusa, kuma yawan ɗayewar ya danganta da irin ƙafar, mai ƙafar baka ana ɗayewa da ɗan yawa, mai gwame kuwa ciki dama a sake yake, in ka ɗaye kamar na wancan ka ƙara masa lalacewa. Sai cire tsiron ƙashin da ciwon ya haifar a gefe-gefe, wanda sau da yawa shi kaɗai ke ɗaure gwiwar, kana cire shi ka ga ta saki ba sai ka taɓa jijiya ba. Kuma ba dole ne a kifa ƙoƙon ba, ana iya ture shi gefe kawai, da na san wannan a ranar can da ban yi ɓarna ba.

In duk an yi wannan ta ƙi buɗuwa akwai matakai, akwai ɗan yankan nan da malamina ya yi, in shima bai isa ba a ɗaga tudun gaba ɗaya da ƙashinsa a mayar a ɗaure da waya ko sukurori in an gama. Mai koyo ya kamata ya san su tun kafin ranar da zai buƙace su, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma wasu hanyoyin shiga, ta ƙarƙashin tsokar cinya ko ta tsakiyarta ko ta gefen waje ga mai gwame sosai, kowacce da masoyanta, a taro har musu ake kamar za a ba hamata iska. Ni dai ra'ayina yaro ya iya guda ɗaya da kyau tukunna. Kuma dan Allah a daina yi musu alfahari da ƙaramin tabo, na ga gwiwoyin da aka sa a karkace saboda likita na leƙe ta 'yar kafa, ai yanka ba ta tsawonsa yake warkewa ba, ta faɗi yake haɗewa, ƙarin santimita uku ba abin da zai rage wa kowa.

Wani abin da kallo baya koyarwa shine abin da ke bayan gwiwa. Babbar jijiyar jinin da ke ciyar da ƙafa gaba ɗaya tana wucewa ta bayan ƙashin ƙwauri, tazararta da inda zarto ke ƙarewa bata fi faɗin yatsa ba. Zarto kuwa yana da magana, ƙararsa na canzawa in ya kusa fita daga ƙashi, hannu ma yana jin nauyin ya ragu, a nan ake sassautawa. Wannan sai ka riƙe da kanka, wani yana dafe da hannunka. Haka jijiyar laka da ke zagaye wuyan siririn ƙashin waje, in aka miƙar da gwame mai tsanani tana iya miƙewa fiye da ƙima mutum ya farka tafin ƙafarsa na reto baya ɗaguwa, yaron da zai duba shi da dare ya kamata ya san abu na farko shine ya kwance bandeji ya lanƙwasa gwiwar, ba ya rubuta a jira safiya ba.

Su lambobin da suke haddacewa ma, haddar ce kawai ba fahimta. Ni tambayar da nake gane mutum da ita mai sauƙi ce. Mun gama yanka, mun sa ƙarafan gwaji, in aka miƙe ƙafa lafiya lau, in aka lanƙwasa sai ta ɗaure tamau, me zaka yi? Da yawa sai suce a ƙara yanke ƙashin ƙwauri. To in ka yanke ƙwauri ai ka sassauta duka biyun ne, miƙewa da lanƙwasa, ka gyara ɗaya ka ɓata ɗaya, sai mutum ya tashi gwiwa na rawa in ya tsaya. Yankan ƙwauri yana taɓa duka, yankan ƙarshen ƙashin cinya yana taɓa miƙewa kawai, na bayansa yana taɓa lanƙwasa kawai. Wanda ya gane wannan zai ce a rage girman hular ko a ɗan ƙara gangaren farantin. Haka maganar juya hular, ana cewa digiri 3 zuwa waje, kowa ya haddace, amma digiri 3 daga ina? Daga bayan ƙashin cinya ake aunawa, a mai gwame kuwa bayan na waje ya riga ya cinye, in ka bi ma'auni ido rufe sai ka juya hular ciki, ƙoƙo ya dinga zamewa gefe, mutum ya shekara yana kukan ciwon gaban gwiwa ana ce masa hoto lafiya lau. Shi yasa ake duba wasu alamomin, kamar layin da wani likitan ƙashi Leo Whiteside ya bayyana wanda ke bin kwarin da ƙoƙo ke gudu a ciki. Ma'aunin ƙarfe baya tunani, inda ka ɗora shi nan zai kai zarto.

Kuma kusantar aikin nan ba daga wuƙa yake farawa ba, daga kilinik ne. Yaran yanzu da yawa a kan gadon tiyata suke fara ganin mara lafiya, an riga an lulluɓe shi gwiwa kawai ke waje. Basu ga tafiyarsa ba, basu tambaye shi ko ciwon na hana shi barci ba, ko ya gwada rage nauyi da motsa jiki da magani da sanda. Basu juya masa ƙugu ba, alhali ciwon ƙugu yana sauka a gwiwa, na baya ma haka, kuma ba ƙaramin abin kunya bane a canza gwiwa ciwo na nan saboda tun asali daga sama yake. Hoton ƙashi ma sai an ɗauka mutum yana tsaye, na kwance yana ɓoye gaskiya, kuma akwai mai mummunan hoto da ke yawonsa ba damuwa, wannan a ƙyale shi. Sai suga, sai ƙurji a ƙafa, sai ruɓaɓɓen haƙori, sai taba, dan ƙwayar cuta in ta kama ƙarfe, duk da bai fi mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari abin ke samu ba, sau da yawa sai an cire komai an sake. Sannan a koya musu gaya wa mutum gaskiya tun kafin aiki, cewa gefen tabon ta waje zai iya yin dindiris saboda wata 'yar jijiya da ake yankewa a hanya, cewa makonnin farko akwai azaba, cewa durƙuso zai iya yi masa wuya ko da komai ya tafi daidai. Wanda aka gaya wa kafin aiki yana haƙuri, wanda ya gano da kansa bayan aiki yana ganin an cuce shi.

Na san za a ce ai yanzu zamanin robot ne da kwamfuta, na'ura ke nuna inda za a yanka har ta hana zarto wuce iyaka. Na yi aiki da irinsu, suna da amfani, yankan yana fita daidai da yadda aka tsara. Amma robot baya buɗe gwiwa, baya kare agara, baya rufe ciwo, kuma tsarin da yake bi mutum ne ya amince da shi. Ranar da ya tsaya a tsakiyar aiki fa? Ga kuma wakilan kamfanonin da ke sayar da ƙarafan, suna shigowa ɗakin tiyata su nuna wanne ma'auni ke bin wanne, ba laifi, sun san kayansu. Abin da ke bani tsoro shine in ga likita na ɗaga kai yana kallon wakilin kamfani kafin ya yanke shawara. Shi kayansa ya sani, bai san wannan gwiwar ba, kuma ba shi zai zauna da dattijon nan bayan wata shida ba.

To me nake so a yi? Abin da nake yi yanzu ba wani sabon ilimi bane. Na farko na koma ɗaya gefen gadon, yaro ya tsaya inda likita ke tsayawa ni in riƙe masa ƙugiya, da hannuna a wanke ba ina zaune a ofis ana cewa ina kusa ba. Bana bashi aikin gaba ɗaya rana ɗaya, gunduwa-gunduwa muke yi, ya fara da rufewa, in ya ɗinke gwiwa goma ya san me yasa ake barin leɓen nan, sannan ya buɗe, ya yi ta buɗewa har sai ta daina bashi tsoro, kafin mu zo maganar zarto, zarton ma sai ya gama ɓarnarsa a ƙashin roba, in da hali kuma a gawar da aka bayar dan koyarwa. Kuma kafin kowane taku sai ya faɗa da baki, zan yi kaza, abin da nake tsoro a nan kaza ne. In ya yi shiru na riƙe hannunsa. Nima na tilasta wa kaina yin magana in ina aiki, ina cewa kun ga yatsana, ga dalilin da yasa yake nan, abin da ban samu ba kenan. Wallahi da wuya, dan sai ka fara ne kake gane rabin abin da hannunka ke yi baka da kalmarsa.

Abokan aikina suna cewa lokaci, jerin marasa lafiya ya yi tsawo, aikin awa ɗaya da rabi zai koma biyu da wani abu, mai sa barci na duba agogo. Gaskiya ne, kuma tsawon aiki shima yana da nasa haɗarin, shi yasa nace gunduwa ɗaya a rana, kuma a zaɓi gwiwa mai sauƙi, sandararriya irin ta dattijuwar can ta oga ce. Wasu kuma suce mara lafiya ba abin gwaji bane. Nima na yarda, shi yasa ake gaya masa tun farko cewa asibitin koyarwa ne kuma babba na tsaye a kai. Ƙasashen da ke rubuta kowace gwiwa da aka sa, Suwidin tun 1975, Ingila da Wales tun 2003, suna iya bin sawun aikin masu koyo, kuma abin da aka gani a na Ingila shine gwiwar da mai koyo ya sa babba na tsaye tare da shi tana daɗewa kamar ta babban. Wanda ya zama abin gwaji na gaskiya shine mutumin da zai faɗa hannun likitan da ya karɓi takardar ƙwarewa bai taɓa buɗe gwiwa ba, a wani wurin da babu wanda zai shigo ya kafa masa ƙusa. Masu shirya jarrabawa ma su daina ƙirga sau nawa yaro ya shiga aiki, su tambayi wane ɓangare ya yi da hannunsa, wa ya tsaya a kansa. Mu manya kuma mu yarda a dinga duba sakamakonmu, na san wanzami baya son jarfa.

Ku kuma yara kuna da naku, kar ku ce na goyi bayanku gaba ɗaya. Wani zai shigo bai duba hoto ba, bai karanta matakan ba, bai san sunan mara lafiya ba, yana jiran a bashi wuƙa. Ba zan bayar ba. Ka zo da zanenka, ka gaya min ƙafar baka ce ko gwame, tana miƙewa duka ko a'a, ina tabo, me zaka yi in ta ƙi buɗuwa. Kuma in an sallami mara lafiyan ka neme shi a kilinik bayan mako shida ka sa hannu ka auna da kanka, digiri 90 aƙalla muke nema kafin a ce mutum zai tashi daga kujera ya hau bene ba wahala sosai, in bata kai ba akwai abin yi amma ƙofar bata daɗewa a buɗe, wajen wata uku ne.

Shi yaron da na fara da labarinsa, ranar nan ban karɓe wuƙar ba. Na zagaya na karɓi ƙugiyoyin daga hannun mai taimaka mana nace faɗa min inda zaka fara. Buɗewar da nake yi a minti biyar ta ɗauke shi ashirin da biyar, mai sa barci ya harare ni ya fi sau uku, da muka zo lanƙwasawa na kama babban yatsansa na ɗora a kan tudun nace me kake ji, yace tana ɗaurewa Oga, nace to murɗa ƙafar waje, ya murɗa, yace ta saki. Sauran aikin ni na ƙarasa. Wata biyar suka rage masa ya gama, na roƙi a bar min shi duk ranar da nake da gwiwa, har yanzu ina jiran amsa.

Na gode Malam Edita, a huta lafiya.

Naku,
Wani likitan ƙashi mai koyarwa